Hula Mai Gammo

Khulna, farkon damina

Zuwa ga yayana Siddik,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Maskat, kai da waɗanda kuke ɗaki ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sassauta muku zafin ƙasar, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan sai godiya. 'Yata Shiuli ta wuce aji na gaba, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, tarin da ya dame ta kuma ya sake ta. Na je Satkhira bayan salla na ga Inna. Gwiwar ce dai, amma tana cin abinci, tana kuma faɗa da kowa, ka san in tana faɗa to da sauƙi.

Yaya, saƙon da ka aiko ta bakin matarka ya iso. Ka ce in bar aikin gini in kwashe kayana mu koma ƙauye kafin ruwa ya yi ƙarfi, don ba ka son ƙanwarka ta ci gaba da taka wurin da mijinta ya faɗi. Ka kira ni a waya na kasa ba ka amsa, domin da na ji muryarka kuka yake riga magana fitowa. Shi ya sa na ari biron Shiuli. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ban sani ba ko an gaya maka yadda abin ya faru. Mijina Mokbul yana da hular kwano a ranar, kamfani ya raba wa kowa. Amma kai ma ka yi dako kafin ka tafi, ka san kwanon kankare ba ya zama a kan hula mai ƙululu. Sai mutum ya naɗe tsummansa ya yi gammo, ya rataye hular a jikin gora, in an hango heluma a warto ta a kifa a kai. Rabin bulo ne ya faɗo masa a ka daga sama. Hularsa tana rataye kusa da shi, da ya miƙa hannu zai taɓa ta.

Da na fita takaba na koma aiki, sai na tarar an yi ta rikici a bayana. Heluma Kashem ya ce duk wanda ya cire hula a kore shi. Injiniyarmu, wata mace mai suna Tahmina, ta ce a dakata sai ta gwada da kanta. Ta sa hular, aka ɗora mata kwanon yashi, tana ɗaga ƙafa ya sulɓe ya juye mata a wuya. Fuljan, ƙawata da muke dako tare, ta ce mata, "To Yaya, tunda ke ma ba ki iya ba, sai ki kori kanki gida." An ce har injiniyar sai da ta riƙe ciki don dariya. Daga nan ta sa aka ƙera wata hula mai faffaɗan sama, da zoben roba a kai kamar gammo. Ta farkon ta yi nauyi ga zafi, Fuljan ta ce tukunyar shinkafa ce, murhu kawai ya rage. Aka mayar, aka huda mata ƙofofin iska, aka rage nauyi. Yanzu kwano yana zama daram. An kuma shimfiɗa raga a ƙarƙashin inda magina suke aiki. Tun daga lokacin ba a fitar da kowa daga wurin a kwance ba.

To akwai ƙungiyar masu kamfanonin gini da take zaɓar waɗanda suka fi kula da rayukan ma'aikata, da waɗanda suka kawo sabuwar dabara, ta ba su lambar yabo. Bana namu aka zaɓa saboda hular. Injiniya ta zo har ɗakina ta ce in bi su Dhaka a karɓa da ni. Raina ya ɓaci, Yaya. Na ce mata su je su sha tafinsu, ni ban ga abin murna ba, sai da kan mijina ya fashe hankalinsu ya zo. Ba ta musa ba. Ta ce gaskiya na faɗa, ta shanye shayinta ta tafi.

Ranar da aka zuba rufin bene na ƙarshe, an dafa kicuri, shinkafar nan mai haɗe da wake, da naman sa kamar yadda aka saba. Muna zaune a ƙasa hannu duk siminti, sai ga injiniya da lambar yabon a naɗe cikin gyale. Gilashi ne mai nauyi, da rubutu a jiki. Fuljan ta juya shi ta ce ba a dafa komai a ciki, ba a kuma daka barkono da shi, to mene ne amfaninsa. Kashem ya ɗora shi a kan hularsa ya zagaya da shi yana rangwaɗa kamar amarya, bai faɗo ba. Da aka natsu injiniya ta ce a can an kira sunan kamfani, a nan kuwa sunan Mokbul za a kira. Limamin unguwa ya yi masa addu'a, mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa suka shafa. Na yi kuka, amma na cinye abincina, har na karɓi ƙari. Rabona da ƙari tun yana raye.

Ga abin da ya tsayar da ni. Ana ta kawo sababbin mata daga ƙauyukan da kogi ya cinye musu gona. Ko an ba su sabuwar hular, gammon tsumma suka sani, shi iyayensu suka yi. Heluma ya yi ta ihu, da ya juya baya sai su rataye. Wata safiya na ga ɗaya, Moyna, mai goyo ce ma, ta rataye tata a jikin gora. Na ciro na miƙa mata. Ta harare ni ta ce wa ya naɗa ni heluma. Sai ta kusa da ita ta raɗa mata ko ni wace ce. Ta karɓa ta sa, ta ɗaure igiyar haɓa da kanta. Yanzu injiniya ta ajiye ni a gindin tsani kullum da safe, ina raba huluna ina duba ɗauri, dakon ma kaɗan nake yi. Magina har yau Bhabi suke kirana, wato matar yaya, kamar Mokbul yayansu ne ciki ɗaya, kuma ba mai iya wuce ni da kai a buɗe. Ba tsorona suke ji ba, kunyata suke ji.

Saboda haka ka yafe mini, ba zan koma ƙauye ba. A can zan zama matar marigayi da ake kai wa abinci ana girgiza kai. A nan ma matar marigayin ce, amma tana da amfani. Ina barci, Shiuli tana karatu, zuciyata ta fi bara sauƙi. Ba ƙin maganarka na yi ba, kuma ina so in ji daga bakinka cewa ka yarda.

Ka gaida mini Kawu Motaleb idan kun haɗu a masallacin Juma'a, da Nurul ɗan gwaggo Sufiya. Shiuli tana gaishe ka, ta ce kar ka manta da dabinon da ka yi mata alkawari. Fuljan ma ta ce a gaida Balarabe, wato kai ke nan. Kai kuma na san halinka, in rana ta take kana cire hular kwanonka a wurin aiki ka ce kanka yana tafasa. Ba na kusa balle in miƙo maka. Don Allah ka bar ta a kanka.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Hosne Ara