Dabino Biyu a Ƙofar Gida

Dutse, 4 ga Maris

Zuwa ga Malama Raihana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na karɓi gayyatar sashenku na nazarin al'adun birane, kuma zan zo in yi wa ɗalibai laccar yadda mai bincike ke rufa asirin waɗanda suka yi masa magana. Kada a turo mini mota. Ni nake tuƙa kaina. A littafina kan matan tsohon garin Dutse babu sunan da ban sauya ba. Matar malamin nan da na kira Zaituna, wadda ta faɗa mini tana bori a ɓoye, shekara talatin da huɗu ke nan ba wanda ya gane ta. Da ita zan kafa misali.

Wassalam,
Farfesa Hadiyya Idirisu

Dutse, 9 ga Maris

Ranki ya daɗe, Hajiya,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki gafarce ni, na rasa ta inda zan fara. Zaitunarki kakata ce, Inna Safara'u. Kin sauya sunanta, amma kin rubuta cewa dabino biyu ne a ƙofar gidan, ɗaya ya sunkuya kan rijiya. Hajiya, a duk unguwar gida ɗaya ne haka. Ƙanen kakana ya karanta wa 'yan'uwa babin a zaure. Ba a kore ta ba, sai dai daga ranar ba wanda ya sake cin girkinta, har ta koma Buji wurin danginta.

Tana raye, idanu ne suka tafi. Da na ambace ki sai ta yi dariya, ta ce, "'Yar bokon nan mai jan biro? Har yanzu ba ta cin yaji?"

'Yarki,
Raihana

Dutse, 12 ga Maris

Raihana 'yata,

Na amsa gaisuwarki. Na tuna dabinon. Editan littafin ya ba ni shawarar in cire su, na ƙi, domin jimlar ta yi mini kyau. Kwana uku ke nan ban iya ɗaga ido in dubi kantar littattafaina ba.

Laccar tana nan, amma ba zan hau mumbari ba sai na durƙusa a gaban Inna Safara'u, kuma abin da ta yarda in faɗa kaɗai zan faɗa. Tunda nake ban taɓa neman rakiya ba. Ina roƙonki, ki raka ni Buji ranar Asabar, ki riga ni shiga.

Hadiyya