Tagwayena Biyu Ne, Kwamfutarku Ta Ce Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Al'umma na unguwarmu, Agege, tare da Kwamitin Amintattun asibitin.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Likita yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da ma'aikata. Ni malama ce a Islamiyyar matan aure, haifaffiyar Agege, a unguwa ana kirana Uwar Biyu. Ban taɓa rubuta wa wani shugaba wasiƙa ba, balle wadda jama'a za su karanta. Na daɗe ina tuhumar kaina kafin na ɗauki biro: gaskiya nake nema, ko kuwa fushi ne ya yafa mayafin gaskiya? Har yanzu ban gama tantancewa ba. Abin da na tabbatar shi ne 'yata Husaina ta shiga watan haihuwarta, kuma fayil ɗin da likitocinku za su buɗe ranar naƙudarta ba nata ba ne. Na yi ta zarya ofishinka, kullum sakatare yana ce mini kana taro ko ka fita. Cikin ba ya jiran a tashi daga taro, shi ya sa na biyo ta nan.

Na farko. Allah Ya ba ni tagwaye mata, kuma a asibitin nan na haife su. Duk Bahaushe ya san sunayen da ake raɗa musu. Babbar ita ce 'yar farina, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba, sai dai in ce Babba. Ba su yi kama ba, jininsu ma ba rukuni ɗaya ba ne. Babba sikila ce, ta sha jinya tun tana goye, bara Allah Ya karɓi abarsa a ɗakin mata na asibitin nan. Ban zargi kowa ba, kwana ne ya ƙare. Husaina kuwa ba ta da sikila. Haihuwarta ta fari tiyata aka yi mata, kuma a lokacin an yi mata allurar fenisilin, jikinta ya ƙi ta: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta. Likitan da ya tsaya a kanta ya sa gargaɗi a fayil ɗinta cewa kada a sake. Ko da ta yi aure ba a canja komai a katinta ba. Sunan mahaifinsu ne a kai, da adireshin gidanmu, da lambar wayata, daidai da na 'yar'uwarta.

Na biyu. Bayan kun sauya manhajar da kuke ajiye bayanan marasa lafiya, Husaina ta je awo ta miƙa katinta. Nas ta dubi kwamfuta, ta dubi fuskarta, ta sake duban kwamfuta, sannan ta ce mata, “Madam, mai wannan katin ai ta mutu.” Husaina mai barkwanci ce, ba halina ta ɗauko ba. Ta ce, “To, Nas, gawa ce ta hawo okada da wannan cikin?” Matan da ke layi suka yi dariya, ita ma ta yi. Dariyar ba ta raka ta gida ba. Ta shigo ta zauna a bakin gadon 'yar'uwarta, ta ƙi cin abinci. Ba a yi mata awo ranar ba, domin kwamfuta ba ta buɗe wa mamaci shafin awo.

Na uku, kuma shi ne mafi muni. Da na je da kaina, mai kula da kwamfutocinku ya ce in kwantar da hankalina, ƙaramin abu ne. A gabana ya danna wani wuri ya cire alamar rasuwar, ya ce shi ke nan, an gyara. Har na yi masa godiya, na sa masa albarka. Sai a awo na gaba likita ya tambayi Husaina me ya sa ta daina karɓar maganin sikilarta. A nan muka gane abin da aka yi. Fayil ɗaya ne yanzu. Yana ɗauke da sunan Babba, da rukunin jininta, da tarihin jinyarta, an kuma ɗora masa cikin Husaina. Babu maganar tiyatar fari a ciki, babu gargaɗin allurar. Wadda na yi wa wanka da hannuna kun rubuta ta a raye tana jiran haihuwa, wadda take raye kuwa babu ita ko'ina. Wannan ba gyara ba ne, ranka ya daɗe. Kuskuren da yake a fili ne aka mayar da shi ɓoyayye.

Na huɗu. Tun daga ranar zama ya gagare ni. Ina gaban ɗalibai ina biya musu karatu, hankalina yana ɗakin haihuwa. Na nemi inda kamfanin da ya yi muku aikin yake, na shiga motar haya ta danfo zuwa Ikeja. Injiniyan da ya kwashe bayanan Bayarabe ne mai ladabi, kuma da yake da Yarabanci na tashi, da shi muka yi magana. Ya bayyana mini cewa a tsohuwar na'urar ajiya, wadda suke kira saba, mutum ɗaya yakan sami fayil biyu ko uku saboda bambancin rubuta suna. Don haka, yayin kwashe bayanai zuwa sabuwar, aka gindaya ƙa'ida: duk fayil biyun da suka dace a sunan uba, da ranar haihuwa, da adireshi, da lambar waya, kuma sunayen suka yi kusa da juna a haruffa, to mutum ɗaya ne, a haɗe su, a riƙe wanda ya fi yawan bayani. Na Babba ya fi yawa, domin ita ce ta fi kwanciya. Ya ce sun gwada ƙa'idar kafin su sake ta, ba su ga matsala ba.

Na tambaye shi ko ƙa'idar za ta haɗe Taiwo da Kehinde, sunayen da Yarabawa suke raɗa wa tagwaye. Ya yi murmushi ya ce, “Haba, Alhaja, ai waɗannan ko makaho ya san mutum biyu ne.” Na ce masa to namu Taiwo da Kehinden ke nan, sai dai mu sunayen a jere suke kamar yadda aka haife su a jere. Ya dafe kansa. Da ya ɗago bai sake kirana Alhaja ba, sai Iya Ibeji, wato uwar tagwaye a harshensu. Bai yi mini musu ba, bai kuma kare kansa ba. Ya ce shi a ganinsa bambancin sunayen 'ya'yana kuskuren rubutu ne, kuma babu wanda ya san sunayenmu da aka zaunar kusa da shi lokacin gwajin. Shi ban riƙe shi a zuciya ba. Amma kai, Likita, Bahaushe ne, haka yawancin 'yan kwamitinka. Da an nuna wa ɗayanku ƙa'idar nan, da kallo ɗaya ya isa.

Na biyar. Injiniyan ya shaida mini cewa fayilolin biyu suna nan daram, kowanne da kansa, a cikin tsohuwar sabar, kuma zai iya dawo da su. Amma ba shi da ikon taɓa ta sai da sa hannunka, kuma bisa yarjejeniyarku an kusa goge ta a mayar wa masu ita. In aka goge, tarihin Husaina ya tafi ke nan. Wata nas mai kirki ta ce mini in ranar ta zo mu gaya wa likita da baki. Na gode mata. Sai dai mace mai naƙuda ba kullum take iya magana ba, mijinta direban babbar mota ne da yake kwana a hanya, ni kuma ban mallaki numfashina na gobe ba. Likitan da bai san mu ba, in gaggawa ta taso, abin da ke gabansa a rubuce zai gaskata, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Na tambayi kaina ko wannan kai-kawo nawa ƙarancin tawakkali ne. Na san ajali ba ya gaba, ba ya baya, na kuwa gani a kan Babba. Amma ban sami inda aka halatta mini in ga rami a gaban 'yata in yi shiru ba. In akwai son zuciya a cikin maganata, Allah Ya yafe mini.

Ga roƙona. Ka sa hannu a dakatar da goge tsohuwar sabar har sai an gama bincike. A raba fayilolin 'ya'yana, a dawo wa Husaina da rukunin jininta da tarihin tiyatarta da gargaɗin allurar, a kuma sake gwada jinin kafin ta haihu. A binciko duk fayilolin da ƙa'idar nan ta haɗe, wani wanda ya san sunayenmu ya zauna da injiniyan su bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba ni kaɗai ce uwar biyu a Agege ba, kuma tagwaye maza ma haka sunayensu suke. Kafin nan, a sanar a masallatai da Islamiyyu cewa duk mai tagwaye ya je ya duba. A kuma hana ma'aikata gyara irin wannan da danna wuri ɗaya.

Saura roƙo guda, kuma nawa ne ni kaɗai. A ofishin injiniyan, da ya tambaye ni sunan babbar, katinta na miƙa masa, ban iya faɗa ba. Tun ranar sunanta nake jin nauyinsa, ta rayu ta rasu ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Amma na ga abin da yake faruwa in aka bar wa na'ura ta yi hasashen suna, don haka zan rubuta shi sau ɗaya, kada wani ya sake kuskure. Sunanta Hassana. Ta rasu. Ku mayar mata da rasuwarta a fayil ɗinta, ku bar ta ta huta. Husaina ce mai cikin.

Allah Ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka, Ya sa hannunka ya riga naƙudar, Ya jiƙan namu da naku da suka rigaye mu.

Wassalam.

Uwar Biyu,
Agege, Legas.