Jinyar Ɗiyar Fari

Sakkwato, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Horo Birni baki ɗaya. Yaya ƙafar? Yaya jikarki Nana Fatima, tana dai cin abinci tun da uwarta ta taho? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau layina hawa tudu yake yi. Da waya zan kira ki, to kunnenki da waya ba sa shiri, kuma abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne a ɗakin marasa lafiya. Mijin ɗiyarki zai kawo miki takardar nan. Ki karanta da kanki, kada ki ba kowa.

Yaya, ƙullin nan na wuyan ɗiyarki ba maƙoƙo ba ne irin wanda matan ƙauye ke tsufa da abinsu. An tsira masa allura, an ɗebi ɗan abu an auna, likita ya ce ciwon daji ne. Lokacin da ya faɗa ina zaune bakin ƙofa na ba su baya, sai na ji benci yana juyawa da ni. Ya ce irin wanda ake samun sa'arsa ne in an cire da wuri, kuma jibi za a yi aikin. Za su yanka wuyan a gicciye su fitar da abin gaba ɗaya. Wuya fa, Yaya. Mu da muka tashi cikin dabbobi mun san abin da ake nufi in an kai wuƙa wurin nan.

Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce jijiyar murya a jikin abin take kwance, tana iya taɓuwa. Ya ce akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi a bayansa, ba su fi ƙwayar dawa ba, su ke daidaita wani sinadari a jini. In suka ji ciwo, leɓe da yatsu za su riƙa yi kamar kiyashi na tafiya a kansu, kuma in an ji haka a faɗa nan take. Mijinta ya sa hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne ni aka bar wa jinya. Ke kika ɗauke ta ranar yaye, ke take kira Inna. Ni na haife ta, amma ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa kallonta ido cikin ido ba, kamar yadda muka ga iyayenmu sun yi. Da ƙafarki lafiya take, ke ce a nan. Yanzu ga ni a tabarma gefen gadonta, muna magana da bango. In ce ko an ci abinci, ta ce an ci. Matar gado na kusa har ta tambaye ni wai ko faɗa muka yi.

Ki sa a yi mana addu'a a masallaci. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hajara

Sakkwato, ranar Asabar

Yaya Habiba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yarinya, ina sanar da ke an yi aiki, kuma tana da rai. Alhamdu lillahi. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba.

Da safe suka tura ta a gado mai taya. Ban bi gadon ba, mutane na kallo. Na zauna ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro ina jan carbi, ina ɓata lissafi ina sakewa, har inuwa ta bar ni ban sani ba. Duk ƙofar da aka buɗe sai in ɗago kai in duba. Sai bayan la'asar aka fito da ita, an naɗe wuyan da farin ƙyalle, ga wata 'yar roba ta fito daga ciki tana ɗigar da jini a gora. Na leƙa ta gefen mayafi na ga ƙirjinta yana ɗagawa, sannan na bi bayan gadon daga nesa.

Muryar ce ta taɓu. Kin san muryar ɗiyarki, wadda in ta kira shanu daga bakin garke har na fadama sai sun ɗago kai. Yanzu in ta buɗe baki iska ce kawai ke fita, kamar mai raɗa. In ta sha ruwa sai ta sarƙe. Likita ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, wahala ta sha, wataƙila ta dawo, wataƙila ba duka ba. Kada ki gaya wa Nana Fatima tukuna.

Jiya an cire robar. Yau likita ya zo zagaye, ya tsaya kanta ya tambaya ko tana jin kiyashin nan a leɓe ko a yatsu. Ina zaune a wurin. Ta sunkuyar da kai ta raɗa masa cewa da sauƙi. Ya sake tambaya, ta sake cewa da sauƙi. Ni kuwa tun da hantsi nake ganin tana murza leɓenta da gefen zane, amma na ce a raina ƙila bushewa ce, kuma yaya zan tsoma baki a maganar jikinta gaban maza?

Gobe za a sallame mu. An ba ta magani iri biyu: wata 'yar ƙaramar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum da asuba har iyakar rayuwarta, a madadin abin da aka cire, da wasu manyan farare na sinadarin nan, kalsiyam suke ce masa. Za mu sauka gidana a Boɗinga, ya fi kusa da titi, har a ga yadda ɗinkin zai yi.

Ban san dalili ba, an ce mu tafi gida amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Taki,
Hajara

Sakkwato, ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Kin ga daga inda nake rubutu. Mun dawo asibiti. Ki zauna kafin ki ci gaba, amma tana nan da ranta.

Da muka isa Boɗinga na share mata ɗakin da ke kusa da rumbu. Kullum in dama kunu in ajiye a bakin ƙofa, da ruwa da magani a murfin kwano, in ce ga shi nan an ajiye, in juya. In na dawo in tarar da murfin babu komai, in gode wa Allah. 'Yan dubiya suna ta shigowa, kowa ya tambaya ta gyaɗa kai, su fito suna yaba haƙurinta.

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na ji wani sauti daga ɗakin, kamar zakaran da aka shaƙe. Na yar da rariya na shiga. Yaya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Yatsunta sun haɗe wuri ɗaya kamar mai shirin yankar loma, hannuwan sun lanƙwashe sun ƙage, ƙafafu sun miƙe sun sandare, bakin ya tsuke. Numfashi yana shiga da ƙyar yana ƙara kamar fito. Idonta biyu, tana kallona, ba ta da muryar da za ta yi ihu. Allah kaɗai ya san tun yaushe take a haka, ni ina waje ina tankaɗe.

Na ƙwala ihu maƙwabta suka cika gidan. Tsohuwa Daso ta ce iska ce, an yanka wuya an bar ƙofa a buɗe, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wata ta ce a kira malam. Har an kawo kaskon wuta. Da na janye matashi don in tallafe kanta, sai ga manyan ƙwayoyin nan farare sun zubo, an ƙulle su a bakin ɗankwali. Ashe ba ta sha. Girmansu ya fi ƙarfin maƙogwaron da aka yi wa aiki, in ta gwada haɗiya sai ta sarƙe, ita kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce mini ta kasa ba. Nan maganar likita ta faɗo mini. Na ture kaskon da ƙafa, na ce a ruga titi a tsayar mana da bas. Daso tana ce mini ba a fita da mai iska cikin rana, ban ko waiwaye ta ba. Ki ba ta haƙuri in kun haɗu.

Ni na goya ta zuwa bakin titi, mace mai ɗiya, ƙafafunta na jan ƙasa. A bas na rungume ta a cinyata, kunnena a bakinta ina sauraron fiton nan. Duk sanda ya ɗan tsaya sai in ji raina ya tsaya tare da shi. Direba, Allah ya saka masa, bai tsaya ɗaukar kowa ba har Sakkwato.

A ƙofar ɗakin gaggawa wata nas ta tare mu tana tambayar sunan mara lafiya. Katin asibitinta a gida na baro shi, mijinta yana wajen shanu, ita ba baki. Na buɗe baki na ce ɗiyar Habiba ce. Nas ta daka mini tsawa, ta ce Baba suna nake tambaya, ba dangi ba. Yaya, ɗiyarki tana mutuwa a hannuna amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Sai na rufe ido na ce Bara'atu. Na faɗa da ƙarfi, har sau biyu, na ƙara da cewa an yi mata aikin wuya kuma ba ta sha fararen ƙwayoyin ba. Da jin haka suka ruga da ita.

Wata allura suka yi mata a jijiya, a hankali a hankali. Ina tsaye ina kallo yatsun suka fara saki ɗaya bayan ɗaya, fiton ya lafa. Likita ya ce da mun tsaya hayaƙi da maƙogwaron ya rufe. Ya ce ai ana iya tauna ƙwayar ko a daka ta a zuba a kunu, da an tambaya. Da an tambaya, Yaya. Wa zai tambayi wa?

Ki yi haƙuri da yadda rubutun ya karkace. Ki yi sadaka da abin da ya sawwaƙa.

Hajara

Boɗinga, ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Habiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina tambayar ƙafa da gida da dabbobi. Man shanun da kika aiko ya iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na ji an ce Nana Fatima ta yi tari, da fatan ya sake ta.

Mun dawo gida. Ɗinkin ya kame, sai wani jan layi a gindin wuya da take rufewa da mayafi. Muryar ta ɗan fito, a dishe, in kina kusa za ki ji. Sakamakon abin da aka cire ya fito. Likita ya ce sun kwashe abin da ido ke gani, amma ciwon ya ɗan taɓa wasu 'yan kaluluwa a gefe, don haka akwai wani magani da za a je sha a wani gari mai nisa nan gaba, kuma za a riƙa auna jininta a kai a kai. 'Yan ƙwayoyin nan masu kamar dawa kuwa, ya ce ƙila su farfaɗo, ƙila ba za su farfaɗo ba. Kafin a sani, in ta bar magani ƙagewar nan na iya dawowa. Na tambaye shi da bakina ko za ta rayu. Ya ce yawancin masu irin wannan suna rayuwa har su ga jikoki, in ana bin magani. Na riƙe rabin farko na maganar, rabin ƙarshen kuma shi ke hana ni barci.

Yanzu ni nake daka ƙwayar a ƙaramin turmi in zuba a kunu. Ba na ajiyewa a bakin ƙofa. Ina shiga in zauna gabanta, gwiwa da gwiwa, sai ta shanye na duba ƙasan kofin. Sannan in kama yatsunta in lanƙwasa in miƙe, in tambaye ta leɓe fa. In ta ce da sauƙi ba na karɓa, sai ta ce mini akwai ko babu. Ran farko kuka ta yi don kunya, ni ma fuskata kamar ta tsage. Jiya kuwa da kanta ta ce mini akwai kaɗan a babban yatsa, na kira lambar da nas ta ba ni, aka ce a ƙara rabin ƙwaya. Matan unguwa sun samu abin faɗa, wai Hajara ta zubar da kunya da tsufanta, tana zama da ɗiyar fari kamar ƙawarta. Daso ta ce saura mu fara yi wa juna kitso. Na ce mata in wuyan ya gama warkewa ma zan yi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mijinta ya zo jiya, ya ce mutanen gidansu suna son ta koma Horo Birni tun kafin ruwa ya sauka sosai, kuma ya ce maganar tana hannunki, ke ce uwarta. Gaskiya ya faɗa, ban ja ba. Amma Yaya, kin san hanyarku in damina ta zauna, babur ma sai an tura shi kafin a fito Shagari. In hannun nan ya sake ƙagewa a can, wa zai goya ta zuwa titi? Ke ƙafa ba dama, shi yana daji da shanu. Kuma kin san halin ɗiyar da kika rena: gaban surukai ko wuta take ci za ta ce da sauƙi, su kuma su yaba mata.

Ban taɓa roƙonki komai a kanta ba tun ranar da kika goya ta kika fita da ita daga ɗakina. Yau ina roƙo. Ki bar mini ita har kaka, a turo Nana Fatima ta zauna wurin uwarta. In likita ya ce jinin ya daidaita, ni da kaina zan rako ta.

In kuma kin ga dole ta koma yanzu, ba zan yi miki musu ba, ke ce babba. Sai dai ki sa a share mini wuri a ɗakinki, ki kuma gaya wa surukanta tun da wuri su shirya abin da za su faɗa, don ƙafata ƙafarta, da turmina a hannu.

Ina jiran amsarki ta hannun mijinta. Ki gaida mutanen gida, manya da yara. Allah ya ba ki lafiya, ya bar mana ke.

Ni ce ƙanwarki,
Hajara