A Dawo Mini da Garayata Kafin Kirsimeti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tallafa wa Mawaƙan Bishara na ƙasar Karaye da Rogo.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina iyali, yaya fama da jama'a? Yaya kuma wannan tsada da ta sa mudun masara ya fi ƙarfin wanda ya noma shi? Allah ya nuna mana bayanta.

Ni ne Yohanna Nomau mai garaya, daga wata 'yar unguwa a bayan Gwangwan. Ban taɓa shiga aji ba. Maƙwabcina Malam Habu, magatakardan dagacinmu, shi ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe shi kada ya zuba wa maganata sukari. Sau uku ina zuwa ƙofarka, kullum kana wajen taro. Shi ya sa na ce a buga wannan inda kowa zai gani, ko a karanta maka a wajen taron.

Shekara arba'in da ɗoriya ina rera waƙar Ubangiji, ba albashi, ba majami'ar da ta ɗauke ni aiki. Da damina in bi gayya ina kaɗa wa manoma, da kaka kowane gida ya ware mini dami, wannan dawa, wancan gero, mata su auno gyaɗa. Har maƙwabtanmu Musulmi suna ba da nasu. Da haka na riƙe gida. Sai bana kuka tara mu a Karaye, ku da takardunku, wai za ku koya mana dabarun neman kuɗi.

Na ɗaya. Kun ce karɓar dami bara ne, yana zubar da mutuncin bishara, a koma bai wa mutane lambar asusun banki. Na bi. Aka rubuta mini lambar a kwali, na rataya a wuya na shiga gayya da ita. Wasu suka yi mini sannu, sun ɗauka katin asibiti ne. Kaka ta zo, ba wanda ya ware dami, tunda an ji Nomau ya zama na banki. Asusun kuwa har yau ba wanda ya taɓa shi sai bankin da kansa, yana cire ladan ajiye mini babu.

Na biyu. Malamin da kuka ɗauko daga Kano ya ce mu sa waƙoƙinmu a waya, mutanen ƙasashen waje su ji su turo kuɗi. Ranka ya daɗe, wayata amfaninta tocila. A unguwarmu sai ka hau kan rumbu kake samun sabis, ni kuwa na haura saba'in. Ya kuma ce a buga fuskarmu a riguna a sayar. Haƙorina huɗu ne. Matata ma da ta gan su da yawansu ba za ta sayi wannan riga ba.

Na uku, shi ne abin da ya sa na tayar da Malam Habu daga aikinsa. Ranar taron gidauniyar da kuka shirya, kai da bakinka ka ce in kawo garayata a yi gwanjonta. Kowa a nan ya san yadda muke gwanjon bikin godiya. Mutum ya taya zakara, ya biya, ya ce ya mayar wa Ubangiji, a sake tayawa. Zakara ɗaya sai a sayar da shi sau shida bai bar gaban majami'a ba. A kan haka na yarda. Amma babban baƙon da kuka gayyato daga birni ba wanda ya gaya masa. Ya taya naira dubu ɗari, aka yi tafi, direbansa ya zo ya zare garaya daga cinyata ya sa a bayan mota. Na miƙe zan yi magana, ka danne mini kafaɗa, wai kada a kunyata baƙo. Da aka cire kuɗin rumfa, da kujeru, da janareto, da lemo, da na motar malamin Kano, abin da ya iso hannuna shi ne kuɗin babur zuwa gida, da riga ɗaya mai fuskata.

Garayar nan ubana ya sassaƙa ta, ya shafe ta da fatar gada, maharba yake kaɗa wa. Lokacin da na karɓi Almasihu, faston wancan zamani ya ce a ƙone ta. Na ce a'a, a bar ta ita ma ta tuba. Abin da ya tsallake wutar fasto, ga shi kwamitin tallafi ya cinye. An nuna mini hotonta a waya, tana rataye a falon mutumin tsakanin agogo da kalanda. Ya san ana shafa mata man gyaɗa idan fatar ta bushe?

Ga roƙona. Ka je da ƙafarka, ka gaya wa bawan Allah nan yadda gwanjonmu yake, ka karɓo mini kayana kafin Kirsimeti. Ba a taɓa shiga sujadar ranar a unguwarmu ba sai da sautinta. Sannan ka sa a yi shela a majami'u cewa Nomau ya koma karɓar dami. Rigar kuma ka aiko a ɗauka.

Abu na ƙarshe. Kafin a yi mini baftisma na yi suna a zambo. Akwai mai awon gyaɗa da na yi wa waƙa, sai da ya bar kasuwa. Tun ranar da na fito daga ruwa na ajiye wannan sana'a. To, zambo ba ya bukatar garaya, baki ne da tafin matan zumunta na majami'a. Baiti biyu sun riga sun zo mini, ina ta korarsu da addu'a, sunanka kuwa ya hau waƙar daidai kamar don ita aka raɗa shi. Ka taimaki tsoho kada ya koma zunubi.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikima, ya albarkaci gidanka, ya rage maka taro.

Wassalam.

Yohanna Nomau, mai garaya, wanda ba shi da garaya. Ga dangwalen yatsana.