Haƙorin Makkan Hajiya

Daga Alƙahira.

Yaya Hamzat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Huseina da yara da duk mutanen Rijiyar Lemo. Ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, kwanan kujerar asibiti ma har ya bi jikina.

Yaya, raina a ɓace yake. An ɗage dashen ƙodar Hajiya. Likitan haƙori ya duba bakinta, ya tarar haƙorin Makkanta ya ruɓe ta ciki, har da mugunya. Ya ce dole a cire kafin aiki, don maganin bayan dashe yana rage garkuwar jiki. Ta ce atafau ba mai taɓa mata shaidar hajjinta. Kai kuma ka bugo waya wai ta riƙa sa kanumfari! Shekara uku tana wankin ƙoda a Kano, wa ya taɓa kai ta a duba bakin nan?

Don Allah ka kira ta, maganarka take ji. Ka gaya mata hajji ba a baki yake ba. Ni na yarda a tsaga ni a cire mata ƙodata guda, ita haƙori ɗaya ne ba za ta iya rabuwa da shi ba?

Ƙanwarka,
Raudha