Ka Dawo A Yi Aikin, Baban Shahida

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gidana, ruwan farkon damina a kan ƙasar zuciyata, Baban Shahida.

Sallama daga mai kewarka, wadda kuma ranta yake a ɓace. Saƙonka ya iso Roni ta bakin Yaya Daudu. Ya zauna kansa a sunkuye, ya ce wai ka fasa aikin da za a yi maka a Kano, ka tare a gidansa a Babura kana shan jiƙe-jiƙe. Wai kuma ka ba ni zaɓi, in na so in koma gidanmu tun jinya ba ta tsofar da ni ba. Zaɓi! Ni za ka aiko wa zaɓi, kamar wadda aka ɗauko aro? Shi na amsa masa cikin ladabi, don yayanka ne. Kai kuwa yau sai ka ji ni.

Na san abin da ya kore ka, farin watana. Tun da aka ce ciwon daji ya kama ƙullutun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, 'yan majalisarku suka cika maka kunne, wai duk wanda aka yi wa aikin ya tashi daga namiji. Su wane ne su? Waye a cikinsu ya ga hoton da na gani?

Ina wurin aka tura ka cikin na'urar nan mai ƙugi kamar injin niƙa. Ina gefenka likita ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya nuna ciwon, ɗan duhu ta hagu. Ya nuna inda jijiyoyin ƙarfin namiji suka bi dama da hagu, sirara kamar saiwar gero. Ya ce na dama suna nesa da ciwon, hoton zai yi masa jagora ya kauce musu, na hagu kuwa sai abin da ya tarar. Bai yi mana alkawari ba. Ya ce ƙarfin na iya jinkiri, yana iya dawowa rabi. Kai “rabi” ka ji, ka kau da kai. Ni “rai” na ji!

Ka tuna muna sabon aure, ranar kasuwar Gwiwa, da babur ɗinka ya mutu a hanya ruwa ya tsuge? Muka raɓe a gindin dutse, ka tuɓe babbar rigarka ka lulluɓe ni, haƙoranka na kaɗawa kana rantsuwa zafi kake ji. Wayyo, zumar rayuwata! Wannan mutumin na aura. Wace wuƙa ce za ta kai inda yake?

Kada ka ɗauke ni waliyyiya. Ina son abin da ke tsakaninmu in an rufe ƙofa, kunya ba za ta sa in yi maka ƙarya ba. Kullum ina roƙon Allah ya nisanta hannun likita daga jijiyoyin nan. In sun tsira, zan jira ka komai tsawon watanni, yadda gona ke jiran hadari. In ba su tsira ba fa? To sai me? Wallahi gara in kwana ina jin numfashinka da in zauna takaba ana yaba mini ƙarfinka!

Na je Kano da ƙafata, ni da Shahida, na roƙi likita ya sake ba mu rana. Ya ba mu Talata mai zuwa. Ya kuma ce in gaya maka ciwon ba ya jira, in aka daɗe shi da kansa zai cinye jijiyoyin da kake gudun a taɓa. Ashe abin da kake karewa kake miƙa wa ciwon!

Ran Litinin zan iso Babura da mota. Ka haɗa kayanka. In ka ƙi fitowa, zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Yaya Daudu, duk wanda ya tambaye ni in ce mijina nake jira, kuma ba ni da wani gidan da zan koma.

Taka jiya, taka yau, taka ko me aikin ya bari,
Sadiqa