Wai Ba Ni da Niyya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya, Allah ya raya mana ita. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na ganin rubutun allo. Tun ina aji biyar nake ganinsa kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma saboda tsawona kullum bencin ƙarshe ake kai ni. Sai an fita shan iska nake zama in kwafa daga littafin ƙawata. Kunya ta hana ni magana. Ranar Laraba na gwada gilashin idonta da wasa, sai ga allo fes, har ɗigon da malam ya sa na gani.

Raina a ɓace nake rubuto miki. Malamin lissafi ya rubuta a takardar sakamakona wai ba ni da niyya. A wurinsa niyya ita ce a zuba wa allo ido, to ni wa ya kai ni zuba ido? Har ruwa idona yake yi. Baba ya karanta a gaban kowa, ya ce mai niyya ba a tashinsa da safe, alhali ni nake tashin gidan. Ya ce in zangon nan bai gyaru ba zai cire ni, in koma jiran shagon Goggo. Abin haushi, a ranar ne Auta ya fasa madubin Inna, ya ce ba da niyya ba ne, shi ke nan aka ƙyale shi. Wato shi an ga cikin zuciyarsa, ni kuwa ba wanda ya tambaye ni komai! Inna ta ce in yi haƙuri, Allah yana ganin niyyar kowa. Na yarda, amma Baba takarda yake gani.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa min kan jaririya. Inna da Goggo suna gaishe ki.

Ranar Litinin zan riga kowa shiga aji in zauna a bencin farko. In malam ya ce in tashi, zan faɗa masa dalili da bakina. Ba zan koma baya ba.

Ƙanwarki,
Doguwa